Akwatin da Sifana Ya Kafa da Hannunsa

Sifana ake ce masa, kuma ko matarsa in ranta ya ɓaci da wannan sunan take kiransa. Ya samo shi ne saboda wata sifanar kwance noti mai lamba goma sha uku da ba ta rabuwa da aljihunsa na baya, har ta huda masa wanduna ba adadi. Siriri ne, mai saurin tafiya, wanda bai iya zama ba. In ka ba shi kujera, a gefenta zai ɗosana, ƙafa tana kaɗawa, kunnensa yana kan fankar ɗakinka yana neman inda take ƙara. Mahaifiyarsa takan ce tun yana ciki bai bar ta ta huta ba.

Mahaifinsa mai gyaran keke ne, kuma a gindinsa ya fara taɓa ƙarfe. Makaranta bai yi nisa ba, amma ya fito da abu guda da malamai suka daɗe suna yabo: rubutun hannu. Haruffansa a kwance suke kaɗan, tsaf, kamar an jera su da zare. Da ya sami aiki a wani kamfanin sabulu a matsayin mai gyaran injuna, shi aka ba littafin da ake rubuta gyare-gyaren kowace rana, don shi kaɗai ne ake iya karanta abin da ya rubuta ba tare da an kira shi ya fassara ba.

Shekara goma sha ɗaya ya yi a nan. A ciki ya yi aure, aka haifa masa 'ya'ya uku. A shekara ta ƙarshe tankin da ke tace ruwan soda ya lalace, maimakon a gyara sai aka juya bututun zuwa kwatar da ke bi ta bayan katanga, ta ratsa cikin unguwa. Wata safiya wata mata mai wankau ta tare shi a bakin ƙofa, ta ɗaga masa ƙafafunta. Fatar tsakanin yatsun duk ta saɓule. Ba ta ce ya yi komai ba, ta dai ga kakin kamfanin a jikinsa ne ta nuna masa.

Ya yi wa na gaba da shi magana, aka ce ya kula da injinsa. Akwai wani akwatin shawara a jikin bango kusa da ofis, wanda gizo-gizo ya yi wa saƙa a baki. Sifana ya cika shafi biyu, bai sa suna ba, ya jefa. Kwana uku aka kira shi sama. Ya tarar da takardarsa a shimfiɗe kan tebur, littafin gyare-gyare a buɗe kusa da ita.

“Rubutunka yana da kyau,” in ji manajan wajen. Iyakar abin da ya ce ke nan.

Ba a kore shi ranar ba. An dai ɗauke shi daga kan injuna aka mayar da shi ɗakin tarkacen ƙarafa, inda babu aikin yi sai kora ƙuda. Abokan da suke cin abinci tare suka fara tashi in ya zauna, wani ya rubuta “ɗan rahoto” da alli a ƙofar kabad ɗinsa. Bayan wata huɗu aka liƙa sanarwar rage ma'aikata. Jerin sunayen mutum ɗaya ne a ciki.

Shekara shida ya yi yana buga-buga: gyaran janareta, famfo, injin markaɗe, duk abin da aka kawo ƙofar gida. Duk kamfanin da ya je sai a nemi takardar shaida daga inda ya baro, in an buga waya can kuma sai a ce ya je za a neme shi. Matarsa mai ɗinki ce, kekenta ne ya riƙe gidan. Ba ta taɓa goranta masa ba, sai dai in maganar kamfanin sabulu ta taso, za ka ji ƙarar keken ta ƙaru. Shi kuwa ya daina rubutu kwata-kwata. Ko takardar makarantar yara aka kawo, babbar 'yarsa yake miƙa wa ta cike.

Maƙwabcinsa Dogo ne ya fitar da shi. Dogo mai yankan soso ne a wani kamfanin katifa, mutum mai sanyin magana wanda sai ya tauna kalma kafin ya furta. Ya tsaya masa aka ɗauke shi. Ranar da zai fara, matarsa ta goge masa kaki, ta miƙa masa, ta ce, “Baban yara, wannan karon ido ya gani, baki ya yi shiru.” Ya ce ya ji. Shekara tara ya riƙe alkawarin nan. Ya ga abubuwa, ya kawar da kai, ya ƙara ɗaure noti.

Sai aka fito da wata doka, wadda ta ce duk ma'aikatar da ta kai wani adadi na mutane dole ta samar da hanyar da ma'aikaci zai kwarmata laifi ba tare da an cutar da shi ba. Manaja ya ɗora aikin a kan Lauya, wata matashiya mai gilashi da ke ofishin kula da ma'aikata. Ta ce sai an haɗa kwamiti: ita, da Foman mai kula da zauren injuna, da wakilin ma'aikata ɗaya. Ba wanda ya so wakilcin. Ranar da aka yi zaɓen, Sifana yana kwance ƙarƙashin injin ɗinke katifa, ƙafafunsa kawai ake gani. Da ya fito yana goge hannu, aka yi masa murna.

A zama biyu na farko bai ce uffan ba. Lauya ta karanta musu shafi takwas da ta tsara. Doka ta ce a ba mutum damar kai ƙara a rubuce ko da baki, a ɓoye sunansa, a sanar da shi cikin kwana bakwai cewa saƙonsa ya iso, a ba shi amsa kafin wata uku, kuma kada a taɓa shi saboda ya yi magana. Foman yana hamma, Sifana yana kallon agogo. Duk abin da ta karanta daidai ne, sai dai ya san takarda ba ta jin kunyar ɗaukar magana mai daɗi.

A zama na uku ta nuna wani sabon akwatin ƙarfe, mai shuɗin fenti, ta ce, “Baba, don Allah gobe ka kafa mana shi a barandar nan.”

Washegari ya ɗauko injin huda bango ya je. Barandar ita ce ta gaban ofishin Manaja. Tagar sakatare tana kallonta, a sama kuma ga kyamara da jar fitilarta. Ya ɗora bakin injin a bango, ya sauke. Ya je ya sha ruwa ya dawo, ya sake ɗorawa, ya sake saukewa. Daga ƙarshe ya rungumi akwatin ya shiga ofishin Lauya ba sallama, ya dire shi kan teburinta.

“Ranki ya daɗe, wa zai riƙe makullin?”

Ta ce ita, sannan akwai na ajiya a wajen Manaja.

“To in a kan Manaja aka rubuta fa? In a kanki ne fa?”

Ta cire gilashi ta dube shi. Shi kuma da bakin ya buɗe, ya ƙi rufuwa. A tsaye, yana kai da komo tsakanin ƙofa da taga, ya ba ta labarin kamfanin sabulu tun daga ƙafafun mai wankau har jerin sunan mutum ɗaya. Ya ce mata ba sai mutum ya sa suna ake gane shi ba. Hannunsa suna ne, muryarsa a waya suna ce. Ko cewa ya yi abu kaza ya faru ranar Laraba da safe, an gama da shi, don mutum uku ne a wajen ranar Laraba da safe. Kuma ba wanda ake kora a ce don ya yi magana ne. Canja masa wurin aiki ake yi, a bar shi ya bushe.

Lauya ba ta katse shi ba. Da ya gama, ta jawo shafukanta takwas, ta juya bayansu, ta ce ya sake faɗi a hankali tana rubutawa.

Wata biyu suka yi suna fama. Sifana ya zaga kamfanin lungu-lungu yana neman wurin da kowa ke zuwa ba a tambaye shi me ya kai shi ba, sai ya tarar wuri ɗaya ne tak: siririyar hanyar da ke zuwa banɗaki da ɗakin canja kaya. Can ya kafa akwatin, ya yi masa walda da kwaɗo biyu. Makulli ɗaya na Lauya, ɗaya kuma yana hannun wani ofishin lauyoyi na waje, wanda mutuminsu zai riƙa zuwa duk Litinin. Shi zai kwashe takardun, ya buga su da na'ura, ya cire duk abin da zai nuna mai rubutun, ya riƙe na asalin a can wajensu. Kowace takarda tana da lamba da ɗan gefen da mutum zai yage ya ajiye, amsa kuma a allon sanarwa za a liƙa ta da lamba kawai. Wanda bai iya rubutu ba, akwai lambar waya da zai kira daga gidansa, a can ofishin waje take shiga. Ƙarar da ta shafi Manaja ko Lauya, kai tsaye za ta wuce wajen masu kamfanin. A ƙasan takardar aka sa adireshin hukumar gwamnati, don wanda bai yarda da kowa a cikin gida ba.

Foman ya yi ta gardama. Ya ce yanzu duk wanda ka hana fita da wuri zai je banɗaki ya ƙulla maka sharri. Sifana bai ce ƙarya yake yi ba, don ya san halin mutanensa. Aka rubuta cewa ba za a hukunta kowa ba sai an bincika, kuma sai an ji ta bakinsa. Babban yaƙin kuwa Lauya ce ta yi shi ita kaɗai a ofishin Manaja, kan layin da Sifana ya nace a sa: duk wanda ya kai ƙara, in aka canja masa aiki ko aka sallame shi cikin shekara guda, kamfani ne zai kawo hujjar cewa ba ramuwa ba ce. Sau uku takardar tana dawowa da jan biro a kan layin, sau uku tana mayar da shi. A na huɗu Manaja ya gaji ya sa hannu.

Watannin farko abin dariya ne. Wani ya yi ƙarar fankar ɗakin cin abinci, wani ya ce sabulun banɗaki ba ya kumfa, wani kuma ya zana Foman da kunnuwa kamar na jaki. Duk da haka Lauya ta riƙa liƙa amsa a allo, lamba bayan lamba. Da aka ga an gyara fankar da gaske, mutane suka fara tsayawa suna karanta allon.

A cikin wannan lokacin aka kawo wa kamfanin babban aiki, katifu ɗari huɗu na wata makarantar kwana. Injin yankan soso yana da doguwar wuƙa mai zagayawa kamar bel, da murfin kariya a gabanta. In aka ɗaga murfin, wani ɗan makunni yakan tsayar da wuƙar nan take. Wannan makunnin ne ya ƙone. Babu irinsa a sito, sai an yi oda. Foman ya ja Sifana gefe ya ce ya haɗa wayoyin kai tsaye, kwana biyu ne kawai. Sifana ya san abin da hakan ke nufi: wuƙa za ta ci gaba da gudu ko murfi a buɗe yake. Ya yi ɗan musu, Foman ya ɗaure fuska, shi kuma ya tuna shekaru shidan nan na ƙofar gida. Ya haɗa, ya naɗe da baƙin tef.

Kwana biyu suka zama mako biyar. Duk sanda ya wuce ta gaban injin, yakan tsaya ya ce wa masu yankan su yi hattara, su ce to. Har takardar ƙara ya ɗauko da kansa, ya ninke ta a aljihun gaba, ta yi mako biyu a nan har gumi ya cinye ta, bai rubuta ko harafi ba.

Wata Talata aka ce ana nemansa a ofishin Lauya. Ya tarar da ita da mutumin ofishin waje, da takarda bugaggiya mai lamba goma sha ɗaya. Mutumin ya karanta. Layi huɗu ne: an cire kariyar injin yanka, mai gyara ne ya haɗa wayar, an daɗe a haka, ana tsoron hannun wani zai tafi.

 Abin da ya fara fita daga bakinsa, tun kafin ya yi tunani, shi ne, “Wa ya rubuta?”

Lauya ta ce, “Baba, ni ma ban sani ba. Kai ka ce kada in sani.”

Kunya ta rufe shi har ya rasa inda zai sa idonsa. Bai yi musu ba. Ya faɗi yadda aka yi, da wanda ya sa shi, da cewa shi ma ya san bai kamata ba. Foman ya fara da rantse-rantse, amma da aka nuna masa ranar da aka yi odar makunnin da yawan katifun da aka yanka bayanta, sai ya sauko. Aka kashe injin kwana tara har kayan suka iso. An dakatar da Foman mako biyu, Sifana kuma aka ba shi takardar gargaɗi, ta farko a rayuwarsa da ya san ya cancanta. A allo aka liƙa: lamba goma sha ɗaya, an bincika, gaskiya ne, an gyara.

Da a nan abin ya tsaya da sauƙi. Amma zuciyarsa ta ƙi kwanciya. Mutum shida ne ke aiki a kusa da injin nan, ya lissafa su a kai, ya sake lissafawa. In ɗaya ya gaishe shi da fara'a, sai ya ce wannan fara'ar ta yi yawa. In wani ya wuce bai gaishe shi ba, sai ya ce ashe. Yana ɗaure noti yana satar kallon fuskoki. Su ma suka lura. Ɗaya bayan ɗaya, huɗu daga cikinsu suka same shi a keɓe suka rantse masa ba su ba ne. Saura wata mata mai jera soso, uwar marayu, wadda ba ta cika magana da kowa ba, sai kuma Dogo, wanda hannunsa ya fi na kowa kusa da wuƙar. Dogo bai zo ba.

Sifana ya daina zama benci ɗaya da shi lokacin abinci. Da safe yakan riga shi fita don kada su haɗu a mota. Matarsa ta zuba masa ido mako biyu, sannan wata ranar hutu, tana yanka yadi, ta yi magana ba tare da ta ɗago ba. Ta ce ita ba ta san wa ya rubuta ba, kuma ba ta son sani. “Amma da yatsun Dogo sun tafi, da wane ido za ka kalli matarsa a bakin famfo?” Ya ce ai ita ce ta ce baki ya yi shiru. Ta ce ta faɗa, amma ba ta ce hannu ya yi ɓarna ba. Ya tashi ya fita, ya zaga unguwa sau biyu, ya dawo ya kwance famfon gidan da lafiyarsa ƙalau.

Dogo ne ya tare shi da kansa, da yamma a tashar mota, bayan an tashi aiki. Ya tsaya kusa da shi suna kallon titi, sannan ya ce masa:

“Mutumina, jira kake in zo in rantse maka.”

Sifana ya ce shi bai ce ba.

“Mu shida ne. Huɗu sun rantse. In na rantse, saura wa?” Dogo ya juyo ya dube shi. “Ba zan ce maka ni ne ba, ba zan ce ba ni ba ne. Ko shekara nawa za ka yi kana fushi.”

Mota ta zo, suka shiga, suka zauna kujera ɗaya don ita ce ta rage.  A nan Sifana ya ga abin da yake yi sarai: da idonsa kawai ya kusa tono mutumin da kwaɗo biyu suka ɓoye. A taron ma'aikata na gaba ya miƙe ya ce kada wanda ya ƙara zuwa ya rantse masa, kuma duk wanda ya rubuta takardar nan ya kyauta. Da aka zo bitar tsarin a ƙarshen shekara, ya sa aka ƙara abu biyu: wanda aka kai ƙararsa ba shi da izinin bin mutane yana tambaya, kuma mai gyara yana da damar ƙin cire kariyar inji ko wa ya ba shi umarni. Wannan karon da hannunsa ya rubuta shawarar.

Ya ƙara shekara huɗu sannan ya ajiye aiki. Har yau bai san mai lamba goma sha ɗaya ba. Lauya ta sami wani wurin ta tafi, an yi sabon Manaja, kuma Dogo ya ce akwatin yana nan, sai dai amsoshin allo sun fara jinkiri.

Kwanan baya mijin babbar 'yarsa, direba a wani kamfanin motocin safa, ya zo gaishe su ya ƙi tafiya. Bayan kwana-kwana ya faɗi abin da ya kawo shi: tayoyin da suka suɗe ake sake wa zane da wuƙa a mayar wa motoci, su kuma su ɗebi mutane su hau babbar hanya. Ya ce suna da akwatin ƙara, yana so ya rubuta. Sifana bai ce masa yi ba, bai ce bari ba. Ya tambaye shi inda akwatin yake, da wanda ke buɗe shi, da mutum nawa ne suka ga abin da ya gani, ya ce ya je ya duba ya dawo. Surukin ya dawo bayan kwana uku ya ce makullin yana hannun ƙanin mai kamfanin.

Sifana ya rubuta masa adireshin hukuma a bayan wani kwali, ya ce kada ya kusanci akwatin nan. Matarsa ta ajiye almakashi ta ce 'yarsu tana da ciki wata bakwai, a bari ta sauka tukuna. Sifana ya ce taya ba ta san wata bakwai ba. Ta ce ita ma hayar gida ba ta sani ba. Surukin yana zaune tsakaninsu da kwali a hannu, yana kallon wannan yana kallon waccan, shayinsa ya huce. Jiya ma ya sake zuwa, kuma maganar ba ta mutu ba.